Kafin mu ce gigin tsufa ne

Gwaggona ta fi shekara 50 tana tuƙa tuwo, amma wata rana muka tarar da ita tsaye gaban tukunya, muciya a hannu, ta rasa yadda za ta yi da ita. Muka yi dariya, muka ce gigin tsufa ne. Kafin nan ta daɗe tana maimaita tambaya ɗaya sau biyar a zama guda, tana rikita raka'o'in sallah, tana ɓoye kuɗinta sannan ta ce jikoki sun sace. Dariya ba ta ƙare ba sai daren da wani ɗan kabu-kabu ya maido mana da ita ba takalmi, wai za ta gidan babanta, wanda ya rasu tun zamanin Diori.

A ganina wannan kalma ta gigin tsufa tana cutar da tsofaffinmu, domin da an faɗe ta an rufe magana. A aji na san bambancin ɗalibin da ya manta amsa, ka ɗan tuna masa ya kama, da wanda darasin ya ɓace masa ɗungum. Haka yake a gida. Manta inda aka aje carbi ba komai ba ne. Amma ɓata a unguwar da aka tsufa cikinta, ko kasa aikin da hannu ya saba da shi, ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 kuwa nau'in Alzheimer ne. Ba maita ba ce, ba kuma alhakin wani ba ne.

A kai su asibiti da wuri. Maganin warkewa babu, gaskiya ne, amma a auna hawan jini da sukari, a duba ji. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya kuwa sau da yawa zazzaɓi ne ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma tana jin magani.

Sai gida, wanda shi ne a hannunmu. Mun rufe rijiya da murfi mai kwaɗo. Maganin ɓera, na ƙwarin gona da fetur ɗin da ake zubawa a kwalbar lemo, duk mun kulle su, don ita duk abin da ke kwalba na sha ne. Tukunyar gas ana rufe ta bayan girki, garwashi ba ya kwana ɗakinta ko a hunturu. Mun ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, mun sa fitila mai cajin rana a hanyar makewayi. Lokacin bazara ba ma jiran ta nemi ruwa, miƙa mata ake yi, don ƙishirwar ma mantawa take.

Wasu dangi sun ce a riƙa kulle ta a ɗaki. Na ƙi. Kulle yana ƙara mata firgita, in wuta ta tashi kuma fa? Mun rataya ƙararrawa a ƙofar zaure, mun ɗinka lambar waya a gefen mayafinta, mun cire kunya mun gaya wa maƙwabta da mai shago halin da ake ciki. Yanzu in ta ce za ta gidan babanta, ba mai ce mata ya rasu. Ɗaya daga cikin jikoki yakan ce, "To Inna, mu je in raka ki," su zaga bayan masallaci su dawo.