A Riƙa Haɗa Kayan Agaji Da Noman Rani A Ƙasar Yauri

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake kawo mana kayan agaji a Yauri, Ngaski da Shanga duk sa'ad da fari ko ambaliya ta auka mana.

Ni dai ɗan kasuwa ne, na fi shekara 30 ina saye da sayar da hatsi a kasuwar Yelwa, kuma ina ɗan taɓa noma. Ban yi karatu mai zurfi a kan wannan al'amari ba, amma mai riƙe da mudu yakan san yunwa ta shigo gari tun kafin a faɗa a rediyo. Alamarta ita ce mai sayen buhu ya koma sayen tiya, mai sayen tiya ya koma gwangwani, sannan ka ga awaki da tumaki sun cika kara alhali salla ba ta kusa.

A shekarar 2020, cikin watannin Agusta da Satumba, ruwa ya cinye gonakin shinkafa a jihar Kebbi, tun daga Argungu da Birnin Kebbi da Bagudo har zuwa nan wajenmu. Kowa ya san wannan. Bayan makonni sai wata hukuma ta kawo kayan agaji, shinkafa da masara da ɗan man girki da barguna. Allah ya saka musu da alheri, domin akwai gidajen da a ranar ne suka ɗora tukunya bayan kwana biyu. To amma ko mako ba a yi ba sai ga wani magidanci da na sani daga wani ƙauye na bakin ruwa ya sauke rabonsa a gaban rumfata, wai in saya. Na yi masa faɗa sosai, na ce ashe gaskiya ne da ake cewa talaka ba ya godiya. Bai yi fushi ba. Ya ce mini shi da iyalinsa mutum goma sha ɗaya ne, in sun zauna cin wannan abinci ba zai kai su mako biyu ba. Ya ce ruwa ya fara ja, laka tana nan da danshinta, abin da yake nema shi ne irin albasa da kuɗin man da zai sa wa injin maƙwabcinsa, domin in wannan lokaci ya wuce shi, to, shekarar ta tafi ke nan.

Na saya, Edita, kuma ba zan ɓoye maka ba, ban ba shi farashin da ya kamata ba. Wannan cinikin bai daina damuna ba har yau, shi ne ma dalilin rubuta wannan wasiƙa. Mutumin nan ya fi ni da waɗanda suka aiko masa da buhun sanin abin da zai fitar da shi. Ya mayar da agajin iri da kansa, amma sai da ya yi asara a hannun ɗan kasuwa kafin ya samu.

Ya kamata masu kawo mana agaji su fahimci irin ƙasar da muke zaune a cikinta. Kakannina na wajen uwa Gungawa ne, mazauna tsibiran kogin Kwara. Kafin a gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tattalin gida a nan murhu ne mai duwatsu uku: noman damina a tudu, noman albasa da rani ana ɗebo ruwa da jigo, da kuma su. In gero bai yi ba albasa ta rufa asiri, in albasa ta faɗi kifi ya tallafa. Da tafki ya cika, sai aka tashi mutane wajen 44,000 aka mayar da su sababbin garuruwa, tsibirai da fadamu masu yawa suka nutse, tsohuwar Bussa ma ta shige ƙarƙashin ruwa. An gina wa jama'a gidaje, wannan gaskiya ne, amma ba kowa ne ya sami madadin fadamarsa ba. Wutar da ruwan nan ke bayarwa kuwa tana haska manyan birane, alhali akwai ƙauyukan bakin tafki da har yanzu tocila ce fitilarsu. Wannan wata magana ce ta daban, sai wata rana.

Duk da haka Allah bai hana mu ruwa ba. Sau biyu kogin nan yake kawo ruwa a shekara. Akwai farin ruwa mai laka, na daminar ƙasashenmu, wanda ke zuwa daga Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa da ke tasowa tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar a hankali, ba ya iso mu sai cikin sanyin hunturu. Daga wajen watan Maris kuma tafki yakan fara ja da baya har zuwa tsakiyar damina, ya bar fili mai danshi a daidai lokacin da ko'ina ya bushe ƙamas. Shi ya sa a farin 1984, ina saurayi, na ga baƙi daga arewa, har da mutanen Nijar, suna gangarowa nan neman abin kai wa baka. Mutanen Yauri sun ji jiki a shekarar, amma mai iya kai ruwa gona bai rasa na tuwo ba.

Saboda haka yunwar bakin tafki tana da saukin magani fiye da ta mutumin da ke zaune a tsakiyar rairayi. Abin da ke hana manominmu shi ne ƙarfin ɗaga ruwan daga kogi zuwa gona, da samun iri a kan kari, da wurin ajiye abin da ya noma. Tun zamanin shirin Fadama na Bankin Duniya a shekarun 1990 jigo ya ba ƙananan injunan ban-ruwa wuri, kuma an ga amfaninsu. Amma inji da mai yake tafiya. Kafin a cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Na san mutanen da suka rage gonar rani da rabi saboda wannan kawai, wasu suka jingine injin a ɗaki suka tafi ci-rani kudu. Masu hali sun koma tukunyar gas ko famfo mai aiki da hasken rana, amma wanda ambaliya ta share wa gona ina ya ga kuɗin sola?

Ga yadda talaka ke gangarawa, ina gani da idona kowace shekara. Gona ta lalace a Satumba. A Oktoba ya sayar da akuya, a Nuwamba ya sayar da sa na huɗa ko koma ko injin, ya ci irin da ya ajiye. Da damina ta kama ba shi da abin shukawa, sai ya tafi ƙwadago a gonar wani a lokacin da tasa ke neman noma. Cikin Agusta ya zo wurinmu 'yan kasuwa ya karɓi buhu ɗaya a kan zai biya biyu da kaka. Da kaka ta yi ya biya bashi, ya sayar da saura da araha, rumbu ya koma wayam tun kafin bazara. Fari ko ambaliyar shekara ɗaya ce, amma gidan sai ya yi shekara uku ko huɗu bai miƙe ba, in ma ya miƙe. Buhun agaji da ya zo bayan an riga an sayar da sa ya tsayar da kukan yara na 'yan kwanaki, amma ba ya dawo da san.

Haka kuma aikin raya karkara da bai yi tanadin mugun shekara ba shi ma yana tuntuɓe. A nan jihar Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya, wato Anchor Borrowers, cikin Nuwamba 2015, kuma noman shinkafa ya bunƙasa ƙwarai a lokacin. Amma da ruwa ya kwashe gonaki, manoma da yawa sun wayi gari ba shinkafa sai bashi a wuya. A fannin su ma haka ne. Shirin haɗin guiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a tafkin Kainji, wanda aka fara a 1993, ya yi aiki tare da sarakunan ruwa, aka kawo rajistar masunta, aka hana jan taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi. Doka ce mai kyau. To amma duk shekarar da gona ta ƙi, manomi ma yakan koma masunci, kuma mai iyali da yunwa ta matsa wa ba ya tsayawa auna idon koma. Sai ka ga masu agaji suna nasu, masu raya karkara suna nasu, kowa da ofishinsa da motarsa da jerin sunayensa, alhali mutum ɗaya suke yi wa aiki. Ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu a Shanga da Ngaski a 2021 da 2022, manoma ne ƙarfafa, amma sun koma jiran abin da za a miƙo musu.

Ba mu ne farkon shiga wannan hali ba. Ƙasar Habasha ta yi shekaru bayan yunwar 1984 tana roƙon abinci daga duniya kusan kowace shekara. A 2005 sai suka sake tsari. Aka tantance gidajen da yunwa ta saba kamawa, aka riƙa ba su kuɗi ko hatsi na watanni shida a shekara a lokacin da suka san zai zo, masu ƙarfi a cikinsu kuma suka riƙa yin aikin gayya na 'yan kwanaki a wata, gyaran hanya, tare zaizayar ƙasa, haƙa tafkuna da dashen itatuwa. Tsofaffi da marasa lafiya ana ba su ba tare da aiki ba. Shirin ya kai ga mutum wajen miliyan 8. Bai kawar da talauci ba, amma wanda ya tabbata taimako na tafe ba ya gaggawar kai sansa kara.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na 'yan'uwanmu Hausawan Maraɗi. A yunwar 1984 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da abokan aikinsa sun raba abinci bisa sharaɗin manomi ya daina sare tohon kututturen itatuwa a gonarsa, ya gyara su su girma. Da yunwa ta wuce aka daina rabon abinci, mutane da yawa sun koma sun sare nasu, wannan ma darasi ne. Amma waɗanda suka bari sun ga itacen girki da abincin dabbobi da ƙarin yabanya, maƙwabta suka kwaikwaya ba tare da an ba su ko ƙwayar hatsi ba. Masana sun ƙiyasta cewa dabarar ta yaɗu a fili wajen hekta miliyan 5 a Nijar. A can kuma akwai wani tsari na sito mai kwaɗo biyu: manoma su tara hatsinsu da kaka, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiyarsu, ɗaya a hannun mai ba da rance, su karɓi kuɗin yin sana'ar rani, in farashi ya tashi a buɗe a sayar a biya. Malamanmu za su iya nuna mana yadda za a yi irinsa ba tare da kuɗin ruwa ba. Na san wannan zai rage ribar irina, amma na gwammace haka da in riƙa sayen agajin maƙwabcina.

Don haka ina kira da babbar murya ga gwamnatin jihar Kebbi, da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa NEMA da takwararta ta jiha, da hukumar HYPPADEC da aka kafa musamman domin yankunan da madatsun wutar lantarki suka shafa, da shugabannin ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga, su zauna da malaman gona a teburi ɗaya tun kafin ruwa ya zo. Abinci dai a ci gaba da kawowa, kuma a gaggauta, domin mai jin yunwa ba ya riƙe fartanya. Amma duk motar da ta kawo shinkafa a Satumba, a tabbata wata ta biyo bayanta kafin Nuwamba ta fita, ɗauke da irin albasa da masara da shinkafa mai saurin nuna, da taki, da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana ko da guda ɗaya ne ga kowane rukunin manoma goma. Wani kaso na kuɗin agajin a biya matasan ƙauye da shi lada, su yashe magudanan ruwa, su gyara hanyoyin da ke kai albasa da kifi kasuwa, su gina rumbunan albasa masu shan iska, domin abin da ke ruɓewa a hannunmu bayan girbi yana da ban takaici. Waɗanda aka kora daga garuruwansu kuma a nema musu aron fili a bakin ruwa su noma kafin zaman lafiya ya dawo.

Ina kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Yauri da hakimai da dagatai da sarakunan noma da na ruwa su sa baki a rubuta sunayen gidajen da suka fi rauni tun da rani, a karanta su a bainar jama'a a ƙofar mai gari, har da na zawarawa da mata masu ƙyafe kifi, waɗanda akan manta da su a ranar rabo. Sunan da aka rubuta cikin dare bayan ruwa ya riga ya ci gari, kowa ya san yadda yake ƙarewa.

Shi kuwa magidancin da na ambata, ya yi albasarsa a wannan rani, ba mai yawa ba, amma bai sayar da sansa ba. Da ya zo kasuwa cikin Maris na cika masa abin da na rage masa a cinikin farko. Ya karɓa, ya ce in na sami hanya in gaya wa manya a riƙa aiko da iri da wuri. To ga shi na gaya musu.

 

Daga wani mai sayar da hatsi,
Kasuwar Yelwa, Yauri,
Jihar Kebbi.