Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, wata ɗabi'a ta ɓullo a tsakaninmu wadda ya wajaba mu dube ta da idon basira. Yau idan ɗan boko daga Bagudo ko Illo ko Ka'oje zai yi aure, gani yake bikin bai cika ba sai ya tafi babban birni ya yo hayar baƙar kwat da laktaye, shi da abokansa, saboda liyafar dare ɗaya tak da ake kira dina. Gari na wayewa a naɗe a mayar wa mai kanti, in miya ta ɗiga a biya tara. Wai wannan ita ce wayewar kai!

To, ina asalin rigar? Irin kwat ɗin nan da Turawa ke kira taksido ta samo sunanta ne daga wata unguwar attajirai kusa da birnin Niyok na Amurka, wajen 1886. Mutanen ƙasar sanyi suka yi abarsu don kansu. Mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura maki 40 a bakin Kwara. Sai ka ga ango an shaƙe masa wuya, gumi na tsattsafo masa, yana murmushin yaƙe don mai hoto. Wane laifi ya yi da za a hukunta shi ranar farin cikinsa?

Amma ba zafin ne babbar damuwarmu ba. Mu 'yan bakin iyaka ne, mun ga abin da na nesa ba su gani ba. Duk wanda ya tsallaka ta Tsamiya zuwa Segbana ya shiga ƙasar auduga, domin arewacin Jamhuriyar Benin, wajen Kandi da Banikowara, na cikin manyan wuraren nomanta a Afirka. Ana gurje ta, a kai mafi yawanta Kwatano, jiragen ruwa su kwashe zuwa masaƙun Asiya. Ta wannan tashar kuma dilolin gwanjo ke sauka, wato tufafin da Turawa suka gama yayi, su kwararo mana duk da dokar Nijeriya ta hana shigo da su. Ko rufe iyakoki da aka yi a 2019 bai kashe wannan fatauci ba. Mu ba da ɗanye, a ba mu kwance! A nan gida kuwa, babbar masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe ƙofa tun 2002, ma'aikatanta suka watse hannu rabbana. A cikin wannan hali ne mu da aka kashe wa dukiyar talakawa don mu yi ilimi muke biyan kuɗi domin mu ari kamannin wani na dare guda.

Za a ce mana haya ta fi sauƙi, kuma ita ma shaddar da muke taƙama da ita daga Turai da Sin take zuwa. Gaskiya ne, kuma ba mu goyon bayan ankon da ke jefa abokan ango cikin bashi. Amma a duba inda kuɗin ke faɗawa. Babbar riga ɗaya na ciyar da tela, da mai aikin wuya, da mai ɗinkin hula, da mabugi. Sa'an nan rigar taka ce: ka je Idi da ita, ka je suna, wata rana ƙaninka ya gada. Mai haya fa, me ya rage masa? Hoto da rasit.

Saboda haka muna kira ga duk wanda aure ke gabansa: ya ɗinka abin da aljihunsa zai iya, ko da farin yadi ne, a wajen telan garinsu. Abokai kowa ya zo da wankakkiyar rigarsa. Wanda ya soma zaman aure da kayan aro, ya koya wa gidansa ƙarya tun daren farko.