Yaran Gubar Dalma Sun Girma, Wa Ke Duba Su Yanzu?



Duk wanda ya san Anka da Bukkuyum ya san shekarar 2010. Yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa a Dareta da Abare da 'Yargalma, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba sauƙi, har gwajin jini ya nuna gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. A binciken da aka yi gida-gida a ƙauyuka biyu, an tarar yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya mutu cikin shekara guda, kuma yawancinsu sai da suka yi jijjiga.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, aikin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a asibitocin Anka da Bukkuyum bai tsaya ga ba da magani ba. Kowane yaro an rubuta shekarunsa, ƙauyensu, yawan dalmar jininsa, ko ya yi jijjiga, ko ya suma, ko yana da maleriya. Na'urar gwajin ma ba ta iya karanta abin da ya wuce maki 65, sai an tsarma jinin an sake aunawa, alhali daga 45 ake soma magani. Daga waɗannan rubuce-rubucen ne aka fitar da rahotanni biyu a 2014: ɗaya kan alamomin taɓuwar ƙwaƙwalwa a yara 972, ɗaya kan zagaye 3,180 na maganin DMSA mai fitar da dalma ta fitsari. Likitocin duniya suna karanta su har yau. Mu ma'aikatan jinya mun san rajista tana da gajiyarwa, musamman a aikin dare, amma da ba a cika ta da kyau ba, da babu rahoton.

To, maganin yana rage dalma a jini, amma ba ya gyara ɓarnar da ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa. Dalma tana taɓa ji, tana rage fahimtar karatu, tana iya sa yaro saurin fushi da rashin natsuwa. Wasu da suka tsira daga jijjiga mai tsanani sun rasa gani ko magana. Yaron da aka goyo zuwa asibitin Anka a 2010 yau saurayi ne. Idan ba ya jin kira sai an ɗaga murya, ko ya kasa riƙe karatu, "taurin kai" za a ce, ko a ce iska ce.

'Yan matan sun fi damuna. Dalma tana kwanciya a ƙashi shekara da shekaru, kuma lokacin goyon ciki da shayarwa tana iya komawa jini ta kai ga jariri. Da yawansu sun yi aure ko suna dab da yi.

A 2022 MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga gwamnatin Zamfara. A ganina aikin da ya rage shi ne bin sawun waɗannan matasa, kuma ba sai an gina sabon asibiti ba. Ɗaki ɗaya marar hayaniya a Babban Asibitin Anka ya isa gwajin ji da gani. A horar da nas biyu ko uku su riƙa yin tambayoyin natsuwa, barci da damuwa da Hausa, ba da takardar Turanci da kowa ke fassarawa yadda ya ga dama ba. A haɗa da matasan ƙauyukan da gubar ba ta shafa ba, don in babu abin kwatantawa ba za a san ko dalma ce, ko yunwa, ko tashin hankalin 'yan bindiga ya jawo ba. Sakamakon kuma a samu ƙwararrun asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da na asibitin ƙwaƙwalwa na Kware su duba shi. Wahalar ita ce nemo yaran: hanyar Bagega ba ta biyuwa kullum, iyalai da yawa sun yi gudun hijira.

Uwargida, idan ɗanki na cikinsu, adana katin asibitinsa ko da ya tsufa. Idan 'yarki ta je awon ciki, ta faɗa wa ungozoma cewa an taɓa yi mata maganin dalma. In kuma masu bincike sun zo, kina da ikon tambaya: wane kwamiti ya ba su izini, jinin da za a ɗiba ina za a kai shi, kuma wa zai kawo muku sakamako? Idan ɗan ya kai shekara 18, shi zai amince da bakinsa. Wanda ya ce a'a ba a hana shi magani saboda haka.