Wai Sake Ba Da Tatsuniya Sata Ce?

Ina 'yar shekara bakwai na fara kama kakata da "laifi". Jiya ta ce 'yar bora ta gamu da tsohuwa a bakin rafi, yau kuma ta ce a gindin tsamiya. Na ce, "Iya, ba haka kika faɗa jiya ba." Ta yi dariya ta ce, "To, tatsuniyar ce ta kawo miki ƙara?" Tun daga daren nan nake bibiyar duk tsohon labarin da aka sauya wa riga.

Shi ya sa abin ke sosa mini rai idan na gan ku a TikTok ko Facebook kun yi wa marubuci ca, kuna cewa "kwafi ne!" don kawai ya taɓo labarin da kuka sani.

Ku ɗauki Cinderella. Takalmin gilashi da kabewar da ta koma keken doki, Charles Perrault na Faransa ne ya rubuta su a 1697. A littafin 'yan'uwan Grimm na Jamus, wanda ya fara fitowa a 1812, takalmin na zinariya ne, kuma 'ya'yan matar uban sun yanki ƙafafunsu don ya shige su. A Sin ma, tun ƙarni na 9 an rubuta labarin Ye Xian, marainiyar da ƙasusuwan kifi suka taimaka wa. Disney sai 1950 ta iso. To wa ya saci na wa?

Kun tuna hayaniyar da ta tashi da aka ba Halle Bailey, baƙar fata, jagorancin fim ɗin The Little Mermaid na 2023? Wasu suka ce an ɓata na asali. Alhali a wanda Hans Christian Andersen ya rubuta a 1837, yarinyar ba ta ma auri yariman ba. Fim ɗin 1989 da suke kira na asali shi ne ya ɗaura auren.

A gida ma haka ne. Magana Jari Ce, da ta fara fitowa a 1937, Abubakar Imam ya ɗebo labaranta da dama daga Dare Dubu da Ɗaya da littattafan Turai. Amma ya sa su a bakin aku, ya zaunar da su a fadar sarki, har ka rantse a ƙasar Hausa aka haife su.

Na yarda, akwai satar fasaha. Wanda ya kwashe fim ɗin Indiya fitowa bayan fitowa, ya sauya sunaye kawai ya ce nasa ne, ku faɗa masa gaskiya. Amma kafin ku yanke wa wani hukunci, ku tambaya: me ya sauya, me ya ƙara, kuma ya faɗi inda ya samo?

Abin da ya fi damuna ma daban ne. Ƙanwata ta san Elsa ta Frozen ciki da waje, amma da na ambaci Ƙoƙi sai ta ce, "Wace ce?" Ba Disney ce ta ƙwace mata matar Gizo ba, mu ne muka daina ba da labarinta.

Idan Allah ya bar maka kaka da rai, je ka da wayarka yau ka naɗi tatsuniya ɗaya. Sannan ka sake ba da ita yadda ka ga dama. Ka sa Gizo a Keke Napep in kana so, ko ka bar 'yar mowa ta faɗi nata ɓangaren, don har yau ba wanda ya tambaye ta.