Tarin Doki Da Tarin Mai Doki

Jama'a, akwai wata magana da na daɗe ina so in yi da masu gida, tun ba waɗanda ke da doki ko jaki ko ragon kiwo a cikin gida ba. Ni malamin asibiti ne a ɗakin shan magani na ƙauye, ba likitan dabbobi ba. Amma abin da ya kai ni ga maganar dabba, mutum ne.

Wata shekara bayan kaka aka kawo mini wani saurayi mai kula da dokin wani dattijo. Kukansa shi ne, da dare sai zazzaɓi ya rufe shi, jiki ya yi ta ɓari, ga tari, ga numfashi sama sama. Kafin hantsi kuwa ya wartsake. Na ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, na ba shi magani. Ya dawo, na sake ba shi. Wannan kuskurena ne, ba na ɓoyewa. A zuwa na uku na soki yatsansa na gwada jini, ban ga alamar cutar sauro ba. Na aika da kakinsa babban asibiti, aka ce babu tarin fuka. Muna cikin haka sai dattijon ya ce, "Malam, abin mamaki, har dokin ma tari ya ke yi." Na ce, "Baba, ina yaron nan ya ke kwana?" Ya ce, "A ɗakin harawa, jikin barga."

Na bi su gida na duba. Ashe ruwan ƙarshen damina ya doki harawar a gona, aka ɗaure ta ba ta gama bushewa ba, aka jibge ta a ɗakin da ba shi da taga. Da yaron ya kwance dami ɗaya sai wata farar ƙura ta tashi kamar hayaƙi, ga warin fumfuna. Wannan ƙurar ce doki ke tusa hancinsa ciki safe da yamma, ita ce kuma yaron ke shaƙa in yana zuba masa, ya kuma kwana a cikinta.

To, wannan abu ba sabo ba ne ga masana. A ƙasashen Turai da Amurka, inda sanyi ke sa a kulle dawaki cikin barga wata da watanni ana ba su busasshiyar ciyawa, an daɗe da sanin wani ciwo na doki. Dokin ya kan fara da tari, ya riƙa gajiya da wuri in an hau shi. In ciwon ya yi nisa sai ka ga hancinsa na buɗewa ko yana tsaye a turke, yana matsa cikinsa da ƙarfi don ya fitar da numfashi, har wani layi ya fito a gefen cikin saboda wahalar da tsokar wurin ke sha. Yanzu likitocin dabbobi suna kiransa asmar doki, don ya yi kama ƙwarai da asmar da ke kama mutane.

Ga yadda su ke binciken. Su kan zura wani siririn bututu mai fitila ta hancin doki har cikin huhu, su leƙa. Sa'an nan su zuba ruwan gishiri kaɗan su zuƙo shi, su duba da madubin likita. A wurin doki mai wannan ciwo su kan tarad da majina mai kauri da fararen ƙwayoyin jini da yawa. Waɗannan ƙwayoyi su ne dakarun jiki, in ka ga sun taru a wuri to jiki yana faɗa da wani abu ke nan. Ku dubi huhu kamar itace da aka kifa. Maƙogwaro shi ne gindin, ya rabu reshe reshe, har a kai ga ƙananan hanyoyi masu sirantaka kamar zare. In ƙurar fumfuna ta shiga waɗannan hanyoyi sai bangonsu ya kumbura, majina ta cika su, tsokar da ke kewaye da su ta tsuke. Iska ta shiga da ƙyar, ta fita da wuya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a binciken nan shi ne, ana iya ta da ciwon, ana kuma iya kwantar da shi, ba tare da allura ba. In aka sa doki mai ciwon cikin barga aka ba shi ciyawa mai fumfuna, cikin 'yan kwanaki numfashinsa ya lalace. In aka fitar da shi fili yana cin ɗanyar ciyawa, sai ya riƙa samun sauƙi. A Jami'ar Montiriyal ta ƙasar Kanada an bi waɗansu dawaki masu ciwon har shekara guda, aka buga sakamakon a 2012. Waɗansu an ba su maganin shaƙa, waɗansu kuwa raba su da ƙurar kawai aka yi. Duka biyu numfashinsu ya gyaru. Amma ga inda gizo ke saƙa. Tsokar nan da ke kewaye da hanyoyin iska, wadda ta riga ta yi kauri saboda daɗewar ciwo, ta ragu ne kawai, ba ta koma yadda Allah ya halicce ta ba. Watau in aka bar abin ya daɗe, akwai ɓarnar da ba ta gyaruwa sarai.

Ta wajen mutane kuwa, tun a 1932 wani likita a arewacin Ingila, Kambel, ya ba da labarin ma'aikatan gona da su ka kamu da tari da sarƙewar numfashi bayan sun yi aiki da ciyawar da ta yi fumfuna. Aka sa wa ciwon suna huhun manomi. A 1963 masu bincike a Ingila su ka gane ƙwayoyin da ke jawo shi, waɗansu ƙananan halittu ne da ke yaɗuwa cikin ciyawar da aka tara da danshi har ta ɗauki zafi. Alamarsa ita ce, mutum ya yi aikin ƙura da rana, bayan sa'a huɗu zuwa takwas zazzaɓi da tari su taso masa. Kun ji abin da ya sa na ruɗe da na yaron nan. Huhun manomi da asmar doki ba ciwo ɗaya ba ne sak, kowanne da inda ya ke kamawa a huhu, amma ƙura ɗaya ce ke ta da su.

Na sha jin mutane suna cewa, ina amfanin kashe kuɗi a kan huhun dabba alhali ga 'yan Adam ba su da magani? Ni dai ban yarda da wannan magana ba. Ba wanda zai kulle ɗan Adam cikin ɗakin ƙura don ya ga yadda huhunsa zai kumbura, ko ya yanki tsokar huhunsa sau da yawa don ya auna. Doki kuwa shi da kansa ya ke kamuwa da ciwon, yana kuma daɗewa a duniya har a ga yadda ciwon ke tafiya da shekaru. Abin da aka koya a jikinsa, ku da ke zaune nan za ku ci moriyarsa ba da ko kwabo ba, don maganin farko iska ce mai kyau.

A nan sai in yaba wa iyayenmu. Da can a kan bar harawa ta bushe ƙayau, a ɗaure ta a ɗora bisa reshen itace ko kan soro ko bisa rumfa, inda rana da iska ke ratsa ta. Doki kuma a turke ya ke wuni, a sarari. Yanzu da harawa ta yi tsada, tsoron ɓarayi ya sa ana gaggawar kwashe ta daga gona a kulle a ɗaki mai rufin kwano. Ban ce tsoron ba shi da dalili ba. Amma in za ka kulle ta, ka tabbata ta bushe har cikin damin. Ka tusa hannu ciki, in ka ji ɗumi ko danshi ka kwance ka shanya. Ka ɗora ta bisa itace, kada ta taɓa ƙasa, ka fasa wa ɗakin taga biyu masu duban juna. Kada kowa ya kwana a ɗakin, ko da yaro ne mai gadi.

Harawar da ta yi fari ko baƙi da fumfuna ba abincin dabba ba ce, a kai ta juji ta zama taki. Na san zubar da dami yana da ciwo, amma bai kai jinyar doki ba, balle ta ɗa. Wadda kuwa ƙura ce kawai gare ta, a tsoma ta cikin ruwa mai tsabta kamar rabin sa'a, a tsame a ba dabba nan take. An gwada wannan a wurin dawaki, an ga yana rage ƙurar ƙwarai. Kada a bar ta ta kwana a ruwa, don amfaninta zai tsiyaye, ta kuma lalace. A kwance dami a waje, mai kwancewa ya ba iska baya. In za a share barga a fitar da dabba tukuna, a yayyafa ruwa.

Haka nan mata wajen sussuka da shiƙa, da maza wajen bugun dawa ko kwashe tsohon hatsi daga gindin rumbu. A tsaya inda iska za ta kwashe ƙaiƙayi ta yi gaba da shi, a rufe hanci da baki da ƙyalle. Uwa ta sauke goyonta ta ba wani ya riƙe daga nesa. Huhun jariri ƙarami ne, hanyoyinsa ba su da faɗin da za su jure kumburi.

Amma fa kada wani ya ji wannan ya ce kowane tari na ƙura ne. Ciwon huhu na shanu, wanda makiyaya su ka sani, ƙwayar cuta ce ke kawo shi daga saniya zuwa saniya. Ba ya kama mutum, kuma akwai allurar rigakafinsa da a ke yi a Vom kusa da Jos, inda aka kafa wurin binciken cututtukan dabbobi tun 1924. Tarin fuka na shanu kuwa yana kama mutum, yawanci ta hanyar madarar da ba a tafasa ba, saboda haka a tafasa madara kafin a ba yara ko a kafa nono. Dabbar da ke tari tana ramewa, a kira malamin dabbobi ya duba ta. Mutumin da ya yi mako biyu yana tari, ya zo a gwada kakinsa. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati, ana kuma warkewa in an sha maganin har wata shida ba fashi. In kun zo, ku gaya mana irin aikin da mai ciwon ke yi, da inda ya ke kwana, da ko akwai dabba mai tari a gidan, ko da mun manta ba mu tambaya ba.

Yaron nan dai an mai da shimfiɗarsa zaure, aka fitar da harawar, aka zubar da kusan rabinta. Dattijon bai ji daɗina ba a ranar. Cikin mako biyu zazzaɓin dare ya ɗauke. Dokin ya fi shi daɗewa yana tari, sai da damina ta faɗi ya samu ɗanyar ciyawa sa'an nan aka koma hawansa.