Kilomita Nawa Ne Ya Yi Wa Mai Keke Nisa?

A wannan makon za mu taɓo abin da ya fi komai cin aljihunmu bayan abinci, wato kuɗin mota, da kuma wani tsohon abin hawa da muka daɗe muna yi wa kallon raini, wato keke.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lissafin kowane ɗalibin jeka-ka-dawo ya rikice. Litar fetur da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Mai adaidaita sahu ba daga aljihunsa yake biyan wannan ƙarin ba, mu fasinjoji muke biya. A Kano kuwa, tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja, don haka zaɓin talaka bai wuce ɗan sahu ko bas ko ƙafarsa ba. Duk mun san abokan karatu da suke zaɓar ranakun da za su shigo makaranta. Wanda ya rasa lakca biyu a mako saboda kuɗin mota, sakamakon jarrabawa ne zai tona asirinsa a ƙarshen zango.

Shi ya sa maganar keke ta dawo. Amma da an ambace shi, amsar da ake fara ji ita ce, "Ai gidanmu da nisa." To, nisan nawa ne? A nan ne yawancinmu muke yin shiru, domin ba da kilomita muke auna hanya ba. Da naira muke aunawa, ko da yawan hawa: "ɗari uku ne," "hawa biyu ne." Hanyar da ɗan sahu yake yi a minti arba'in, yana tsayawa ɗauka da saukewa, yana maƙalewa a cunkoso, sai mu ɗauka wata uwa duniya ce, alhali wataƙila ba ta kai kilomita bakwai ba. Saboda haka matakin farko shi ne ka buɗe Google Maps a wayarka, ka sa ƙofar gidanku da ƙofar makaranta ko wurin aiki, ka ga lambar da idonka.

Idan ka samu lambar, ga yadda za ka karanta ta. Mai tafiya a ƙasa yana cin kimanin kilomita 5 a awa ɗaya. Mai keke da yake tuƙi a natse a cikin gari, ba tsere yake ba, yana cin kilomita 12 zuwa 15. Ke nan kilomita 3 minti goma sha biyu ne zuwa sha biyar. Kilomita 5 minti ashirin ne zuwa ashirin da biyar. Kilomita 10 minti arba'in ne zuwa hamsin. Kilomita 15 kuwa awa guda ce ko fiye.

Sai dai mu kula, wannan lissafin zuwa ne kawai. Duk wani matashi mai lafiya zai iya tuƙa kilomita 20 ranar Asabar ya dawo yana ba da labari. Tambayar mai zuwa makaranta ko aiki daban ce: wane nisa zan iya yi sau biyu a rana, kwana biyar a mako, kuma in isa da sauran ƙarfin da zan saurari malami ko in kama aiki? Da wannan ma'auni, a ganinmu hanya ta kasu uku.

Kashi na farko, ƙasa da kilomita 5. Wannan na kowa ne. Ko tsohon keken da yake jingine a zauren gidanku zai yi, kuma da kayan jikinka za ka hau ka sauka. A lokacin cunkoso ma sau da yawa mai keke yakan riga na cikin ɗan sahu isa, tun da ba ya jiran a cika, ba ya rigimar canji. Wanda gidansu yake cikin wannan nisa amma yake biyan kuɗin mota kullum, ya kamata ya sake lissafi.

Kashi na biyu, kilomita 5 zuwa 10. Wannan yana yiwuwa, amma sai da shiri. Sai an fito da wuri kafin rana ta ɗaga, a sa riga ta biyu a jaka, a riƙe gorar ruwa, kuma keken ya zama lafiyayye. Makon farko cinyoyi za su yi tsami, daga nan jiki ya saba. A nan ne tanadin kuɗi ya fi yawa, domin irin wannan nisa ne yake cin hawa biyu.

Kashi na uku, sama da kilomita 10. Akwai masu yi kullum, kuma muna ganin su: leburorin da suke nufar masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai tun da asuba, masu gadi, da mutanen karkara da suke shigo da kayan gwari an lafta a kariya. Mafi yawansu dole ce ta sa, kuma sun cancanci girmamawa a kan titi. Amma ɗalibin da yake da lakcar ƙarfe takwas kuma zai kai yamma a makaranta, awa biyu a kan sirdi kullum za ta ci masa lokacin karatu. Ga irinsa, gara a raba: keke kwana biyu ko uku a mako, ko kuma ya tuƙa zuwa inda zai hau mota sau ɗaya maimakon sau biyu, in yana da amintaccen wurin ajiyewa.

Wannan rabo bai yi nisa da abin da ake gani a ƙasashen da suka rungumi keke ba. A Holan, inda kekuna suka fi mutane yawa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiye a kan keke ake yi, masu tsara sufuri sukan ɗauki kilomita 7.5 a matsayin nisan da ya dace da keken feda. Mafi yawan tafiye-tafiyensu gajeru ne. Wato su ma ba jaruman tsere ba ne, mutane ne da suke zuwa makaranta da kasuwa da ofis a kusa.

Abin da ya kamata mu koya daga gare su shi ne yadda suka kai nan. A farkon shekarun 1970 motoci sun cika titunansu, ana kashe ɗaruruwan yara a haɗari duk shekara, har iyaye suka fito zanga-zanga. Sai ga matsalar man fetur ta 1973, wadda ta sa gwamnatinsu ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi na wani lokaci. Daga nan aka ƙara himma wajen ware wa keke hanyarsa. Yau a tashar jirgin ƙasa ta birnin Utrecht akwai wurin ajiye kekuna da yake ɗaukar kimanin 12,500. Tsadar mai ta same su, suka mai da ita dalilin gyara tituna. Mu ma ta same mu, kuma ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar tasu. Ban da Dala da Goron Dutse, ina hawan da zai gagari mai keke a Kano?

Inda muka bambanta da su shi ne rana da hanya. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kuma kilomita 5 da ƙarfe biyu na rana ya fi kilomita 10 da ƙarfe bakwai na safe wahala. Da hunturu ga ƙura, wadda mai asma bai kamata ya yi wasa da ita ba. Da damina ga ruwa da yake rufe ramuka, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Sannan ga babbar matsalar, wato titi. Kilomita 4 a kan babbar hanyar da tireloli suke bi ya fi kilomita 8 ta cikin unguwa haɗari. Masu shekaru za su tuna Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, har a 2001 wata bas ta ture shi yana kan kekensa a Abuja. Idan minista bai tsira ba, ɗalibi sai ya ninka hattara. Don haka in kana duba taswira, ka nemi hanyar da ta fi kwanciyar hankali, ko da ta ɗan fi tsawo.

Akwai kuma wani nisa da ba ya cikin taswira, shi ne kunya. Kakanninmu sun ɗauki keken Raleigh abin alfahari, malamin makaranta da ma'aikacin En'e suna goge shi kamar doki. Mu kuwa mun taso muna ganin keke alamar rashi ne. Wani zai gwammace ya ci bashin kuɗin mota da a gan shi yana taka feda a gaban 'yan ajinsu. Mu yi lissafi: a ce zuwa da dawowa naira 600 ne a rana. A mako 3,000 ke nan, a zango mai mako goma sha biyar naira 45,000. Ka ɗauki wannan adadi ka je wurin masu sayar da kekuna na hannu ka tambayi farashi, sannan ka yanke hukunci. Ga kuma riba ta jiki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Mai tuƙa minti ashirin zuwa, ashirin dawowa, kwana biyar, ya yi minti 200 ba tare da ya biya kowa ko sisi ba.

Ba za mu manta da 'yan uwanmu mata ba. A yawancin garuruwanmu yarinya tana daina hawan keke da ta fara girma, don haka wannan mafita ba ta kai gare su, alhali kuɗin motarsu ɗaya ne da na maza. A Wagadugu ta Burkina Faso mata suna tuƙa keke zuwa kasuwa da makaranta ba wanda yake waiwaye. Ko za mu kai can, magana ce ta iyaye da malamai da su matan kansu. Kafin nan, duk makarantar da take da motocin ɗalibai ya dace ta fara da su.

Roƙonmu ga hukumomin makarantu bai da tsada: rumfa mai inuwa kusa da masu gadi, da ƙarfen da za a ɗaure keke, da famfon ruwa a kusa don mutum ya wanke fuska. Tsoron sata yana hana mutane da yawa fiye da nisa. Ga gwamnatocin jihohi kuwa, duk lokacin da ake faɗaɗa titi ko gina gadar sama, a tuna akwai masu keke, a ware musu gefe, a kuma hana a mai da shi wurin kasa kaya.

Wanda ya yi niyyar gwadawa, ya fara ranar da babu lakca. Ya bi hanyar a natse, ya duba agogo, ya ga inda masu faci suke. Ya tabbata birki biyun suna kamawa, taya tana da iska, akwai ƙararrawa da fitila, kuma ya sayi kwaɗo da sarƙa masu ƙarfi. Ya bi hannunsa na dama tare da motoci, kada ya yi musu kishiya, kada ya toshe kunne da waƙa, kada ya kama bayan mota don ta ja shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Aikin gida na wannan makon ɗaya ne: kowa ya auna hanyarsa. Wanda ya samu ƙasa da kilomita 5, amsa tana hannunsa. Masu 5 zuwa 10 su gwada mako guda su gani. Masu sama da haka su duba dabarar rabawa. Muna jiran saƙonninku, ku faɗa mana unguwarku da nisan da kuka samu da minti nawa ya ɗauke ku. Allah Ya tsare mu a kan hanya, sai mako mai zuwa.