A Yi Hattara Da Masu Taɓa Cikin Kwamfuta

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja kunnen 'yan'uwana 'yan kasuwa, musamman masu harkar riɗi da zoɓo a ƙasar Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar da nan Gagarawa.

Ni dai mai shagon buga takardu ne. Ina da kwamfuta guda ɗaya da firinta, kuma ni ke karɓa da aika wasiƙun imel na wasu Alhazai da ba su iya Turanci ba. Kowa ya sani yanzu cinikin riɗi ba ya ƙarewa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Kaya sai ya bi ta Dawanau, ya sauka Legas, wani ya tafi Japan ko Sin ko Turkiyya, zoɓo kuma har Meziko. Manyan masu saye ba sa yarda da maganar baka, sai rubutu. Farashi a rubuce, nauyi a rubuce, ranar biya a rubuce. Saboda haka wasiƙar imel guda ɗaya tana iya zama shaidar dukiyar mutum ta shekara.

Manhajar da nake karanta wasiƙu da ita sunanta Thunderbird, kyauta ake ba da ita tun 2004, kuma ba ni da ƙorafi a kanta. Akwai wasu ƙananan manhajoji da ake maƙala mata don su ƙara mata aiki, mu a shago 'yan goyo muke ce musu, domin a bayanta suke zaune. Ina da wata 'yar goyo da ke ware mini wasiƙu, na kowane Alhaji ta kai su jakarsa daban. A 2023 babbar manhajar ta sabunta kanta zuwa lamba 115, sai na wayi gari 'yar goyon ta daina aiki, an rubuta cewa ba ta dace da wannan sabon zubi ba.

Sai wani yaro mai gyaran waya da kwamfuta, wanda ba zan faɗi garinsu ba, ya ce mini, "Baba, ai wannan ba komai ba ne, minti biyar ya isa." Na ce, "To ɗana, bismilla." A gabana ya kwance ƙunshin 'yar goyon, ya buɗe wani ɗan fayil mai suna manifest.json. Ashe a cikinsa ne wanda ya ƙera ta yake rubuta iyakar lambar babbar manhajar da ya gwada ta a kai. Yaron nan ya goge lambar, ya rubuta wata mai girma, ya ɗaure ƙunshin ya mayar. Nan take 'yar goyo ta tashi. Na ji daɗi, har na ƙara masa kuɗin mai.

To jama'a, ku tsaya ku ji abin da aka yi a nan. Kwatankwacinsa shi ne mai kemis ya ga ranar lalacewar magani ta wuce, sai ya kankare kwanan watan ya rubuta sabo. Kwalin ya gyaru, amma ƙwayar da ke ciki tana nan yadda take. Lambar nan da yaron ya goge gargaɗi ne daga maƙerin, yana cewa iya nan na gwada, gaba ban sani ba. Wani lokaci a ci sa'a ta yi aiki lafiya. Wani lokaci kuma cikin babbar manhajar ya riga ya canza, 'yar goyo ta miƙa hannu inda ta saba ta tarar ba komai a wurin.

Ni ban ci sa'a ba. Kusan mako uku tana kwashe wasiƙu daga akwatin shigowa, amma ba ta ajiye su a jakar kowa ba. Ban lura ba domin lokacin kaka ne, shago cike. Ga kuma wani sakaci nawa na kaina, wanda ba zan ɗora wa yaron ba: akwatin imel ɗin an saita shi ta tsohuwar hanya wadda ake ce wa POP, kuma an sa shi ya riƙa goge wasiƙa daga can ma'ajiyar kamfani da zarar ta sauko kwamfutata. Ke nan abin da ya ɓace a shagona ya ɓace gaba ɗaya.

Cikin abin da ya ɓace har da wasiƙar da wani dillali ya aiko wa wani Alhaji maƙwabcina yana amincewa da ƙarin farashi a kan riɗinsa. Da lokacin biya ya zo, dillalin ya ce shi tsohon farashi ya sani. Muka nemi shaida, sai takardar farko kaɗai muka samu, wadda na taɓa bugawa na sa a durowa. Aka yi ta kai ruwa rana, daga ƙarshe dattawa suka shiga aka raba asara biyu. Alhaji bai zage ni ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, amana na ba ka." Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Sai da kaka ta zagayo kafin ya sake taka ƙofar shagona.

Kada a ce ina hana gyara. A'a. Waɗannan fayiloli an bar su a buɗe ne da gangan don mai kaya ya iya saita kayansa, kuma talaka irina da ba shi da kuɗin sayen sabuwar kwamfuta duk shekara, da irin wannan dabara yake rayuwa. Yaranmu masu gyara suna da basira, da yawansu ba wanda ya koya musu, a waya suka gani suka iya. Abin da nake ƙi shi ne a taɓa ba tare da an kwafi abin da ke ciki an ajiye gefe ba. Babbar jakar da manhajar ke tara wasiƙu da saitinta ana iya kwafe ta gaba ɗaya a kan filas kafin a sa hannu. Da yaron ya yi haka, kuma muka gwada da wasiƙa ɗaya muka ga inda ta faɗa, da ban rubuto maka wannan ba.

Daga baya na zauna na koyi wasu abubuwa da kaina. Akwai wani fayil, prefs.js, inda manhajar ke rubuta saitinta. In ka gyara shi alhali tana buɗe, da ka rufe ta sai ta shafe gyaranka ta mayar da nata, shi ya sa za ka ga mai gyara yana ta rantsuwa ya gyara amma abu bai canza ba. Na kuma gane cewa tun lamba 78 da ta fito a 2020 aka daina karɓar tsofaffin 'yan goyo masu tsohon gini, waɗannan ko ka canza lamba sau goma ba za su tashi ba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne batun izini. Wasu 'yan goyon, lokacin maƙala su, manhajar kan yi gargaɗi da Turanci cewa za su samu damar shiga ko'ina a cikinta da cikin kwamfutar. Mu kuwa sai mu danna "na yarda" ba mu karanta ba. In daga hannun ɓarawo ta fito, yana zaune a wata ƙasa yana karanta cinikinka, ranar biya ya aika wa mai saye wata lambar asusu da sunanka. Wannan ba tatsuniya ba ce. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, an kama shi a Dubai a 2020, kotun Amurka ta ɗaure shi fiye da shekara 11 a 2022, kuma cikin laifinsa har da safarar kuɗin da aka sata ta hanyar damfarar imel na 'yan kasuwa. In manyan kamfanoni masu ma'aikatan tsaro sun faɗa, ina ga mai shago a Gagarawa?

Don haka ɗan'uwa, ko ba ka san komai a kwamfuta ba, kana da bakin tambaya. Ka ce wa mai gyara, ka kwafi kayana ka ajiye? Daga ina ka samo wannan abin da za ka sa? In ya ce wani ne ya turo masa a WhatsApp, ka ce ya bar maka kayanka. Duk wasiƙar da ta shafi farashi ko lambar asusu kuma a buga maka ita a takarda ka kai gida. In an ce an canza asusu, ka kira mutumin da lambar da ka saba kiransa ka ji daga bakinsa.

Ina kuma kira ga hukumar NITDA, wadda aka naɗa ɗan Haɗeja, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, ya shugabance ta a 2019, da makarantar kwamfuta ta Kazaure da Kwalejin Ilimi ta Gumel, da su dubi yaran nan masu gyara a bakin kasuwa. Ko bitar kwana biyu ce a shirya musu da Hausa a hedikwatar ƙaramar hukuma, a nuna musu yadda ake ajiye kwafi da yadda ake mayar da abu in ya lalace. Ni zan ba da shagona da benci biyu kyauta in za a zo Gagarawa.

Shi kuwa yaron, mun shirya. Har yanzu shi ke duba mini kwamfuta, sai dai filas ɗin ajiya yana rataye a ƙusa kusa da ita, kuma ba ya buɗe komai sai ya sauko da shi.

 

Daga mai shagon buga takardu,
Gagarawa, Jihar Jigawa.